Dandali: Yadda Yake a Da, da Yadda Aka Yi Ya Ɓace

Duk inda 'yan shekara arba'in zuwa sama suka zauna hira bayan sallar isha'i, da wuya a tashi ba a taɓo zancen dandali ba. Wannan ya tuna langa, wancan ya tuna daren da aka kawo majigi garinsu, wani kuma ya shiga kwaikwayon muryar yarinyar da ke tallan dafaffiyar gyaɗa a ƙofar gidan mai unguwa. A ƙarshe sai a yi ajiyar zuciya, a ce ai waya ce ta kashe komai. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma da gaskiyarsu. Amma ɗora wa waya laifin duka bai yi daidai ba. Layukan salula sun fara aiki a Najeriya a 2001, ita kuwa wayar da yaro zai riƙe ya yi kallo a cikinta sai bayan shekaru masu yawa ta wadata. Kafin nan dandali ya daɗe da yin rauni a birane irin su Kano da Zariya da Katsina. Mai son ya gane abin da ya faru, sai ya fara sanin abubuwan da suke haɗuwa su tayar da dandali, sannan ya bi sawunsu ya ga inda kowanne ya shige.

Abu na farko shi ne fili. Ba wani fili ne na musamman ba. Sarari ne a ƙofar gidan dagaci ko mai unguwa, ko gefen masallaci, ko inda lunguna uku suka haɗu, galibi akwai ceɗiya ko durumi a gefe. Babu wanda zai buga ƙirji ya ce nasa ne, shi ya sa ya zama na kowa. Da rana a shanya hatsi ko a ɗaure jakuna a wurin, ranar suna ko ɗaurin aure a shimfiɗa tabarmi, da dare kuma ya koma hannun yara. Tsarin ginin gidajen da ke kewaye da shi yana da muhimmanci ƙwarai. Kowane gida yana da zaure mai fuskantar waje, kuma a jikin zauren akwai dakali. A kan dakalin nan dattawa suke zama su sha iska. Ba a naɗa su masu gadi ba, ba su ma nuna suna kallon kowa, amma babu yaron da bai san idonsu yana kansa ba. Kowane dattijo ya san wannan ɗan wane ne, waccan jikar wance ce. Idan wasa ya fara rikiɗewa zuwa faɗa, gyaran murya ɗaya daga kan dakali ya wadatar. Wannan ne ya sa uwa da ke cikin gida take barin 'yarta mai shekara tara ta fita da dare hankalinta kwance.

Kuma akwai dalili na biyu da ya sa take barin ta, wato talla. Matan aure da ke kulle suna sana'a a cikin gida: suyar gyaɗa, dafa gurjiya, ƙuli-ƙuli, alewa, ƙosai. Yaransu ne hannunsu a waje. Yarinya ta ɗauko farantinta ta ajiye a gefen dandali, ta kunna 'yar fitilar aci-bal-bal, ta shiga gaɗa, in mai saye ya zo a ƙwala mata kira. Saboda haka dandali ƙaramar kasuwar dare ce, kuma wani kaso na kuɗin kayan ɗakin 'yan mata da yawa a nan aka tara shi, kwabo da sisi.

Sai lokaci. Dandali ba ya ci kullum daidai wa daida, yana da kwanakinsa. Wata ne ke shirya masa jadawali. Daga sati na farko na wata har ya cika sha huɗu, ana idar da isha'i gari ya yi haske tar, yara su yi ta tururuwa. Idan wata ya fara jinkirin fitowa, duhu ya yi yawa, sai a koma tsakar gida wajen kaka ko goggo, a sha tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da kacici-kacici. Har tsoratar da yara ake yi cewa wanda ya yi tatsuniya da rana zai ɓata a kasuwa, dabara ce kawai ta kada hira ta hana aiki. Makarantar allo ma ta bar gurbi, domin Alhamis da Juma'a hutu ne, don haka dararen nan sun fi kowanne cika. Da damina, a karkara, kowa ya dawo gona a gajiye, wasa yakan yi sauƙi. Da kaka kuwa, an girbe amfani, rumbu ya cika, aljihu ya yi nauyi, sai kalankuwa da kokawa da dambe su kankama, makaɗa su zo daga wasu garuruwa.

Abu na uku shi ne wanda masu tuna baya suka fi mantawa da shi: dandali yana da shugabanci, kuma yaran ne da kansu suke riƙe da shi. Akwai sarkin samari, akwai shugabar 'yan mata, akwai tsara-tsara. Ƙanana suna gefe suna 'yar ɓuya, matsakaita suna langa, 'yan mata sun ja nasu da'irar can. Mu ɗan tsaya a kan langa mu ga yadda take. A raba yara gida biyu. Kowa ya naɗe ƙafa ɗaya ta baya ya riƙe da hannu, ya tsaya a kan ɗaya. A ɓangaren da ke da wasa akwai wanda ake kira ruwa, shi ne zai yi ta tsalle har ya kai wurin sha, sauran abokansa su ne dawakinsa, aikinsu su kare shi, su buɗe masa hanya. Abokan gaba kuma su yi ta ƙoƙarin bangaje shi. Duk wanda ya faɗi ko ƙafarsa ta kuɓuce daga hannunsa, ya fita. Babu alƙalin wasa. In gardama ta tashi kan ko wane ya saki ƙafa ko bai saki ba, su ne za su yi ta musu har su yanke hukunci, domin in ba su yanke ba wasa ya mutu, kowa ya yi asara. Yaron da ya cika ha'inci, gobe ba wanda zai zaɓe shi. A nan yaro yake koyon cewa ƙarfi kaɗai ba ya kai ruwa wurin sha, kuma ƙaramin da ya iya zillewa yakan fi ƙato amfani.

Gaɗa ta fi wannan zurfi. 'Yan mata su jeru kamar rabin da'ira suna tafi, zabiya tana bayarwa ana amsawa. Ɗaya ta fito tsakiya ta taka, ta juyo da baya ta saki jikinta gaba ɗaya ta faɗo, sauran su cafe ta su cilla sama, ta dira ta koma layi, wata ta fito. Ba ta waiwayawa ta ga ko za a tare ta, ta san za a tare. Waƙoƙin kuwa ba na banza ba ne. A cikinsu ake habaici ga saurayi marowaci, a koka da auren dole, a yi wa tsoho mai neman budurwa shaguɓe, a faɗi halin kishiya da na uwar miji. Abin da yarinya ba ta isa ta buɗe baki ta faɗa wa mahaifinta ba, sai ta rera shi a tsakiyar unguwa yana zaune a kan dakali yana ji, kuma ba mai cewa ta yi rashin kunya.

Da azumi ya kai goma sai tashe ya karɓi fage. Yara su manna gemun auduga su yi tsoho, wani ya shafe jiki ya yi macukule, wani ya rataya saiwoyi da sassaƙe ya yi jatau mai magani, 'yan mata su ɗauki mairama da daudu gida-gida, a ba su hatsi ko 'yan kuɗi. A Kano har da Nalako, sarkin gwagware, mai farautar waɗanda azumi ya riske su ba mata. Ban da wannan akwai baƙi masu ratsowa lokaci-lokaci: gardawa da kurarsu da birinsu, 'yan kama masu wa'azin tuwo da miya, 'yan gambara, 'yan hoto masu cilla garma sama su tare da ƙirji, 'yan dabo. Duk a filin nan suke sauka, kuma kallo kyauta ne, wanda ya ji daɗi ya yi kari.

Majigi ma a wannan sahun ya shigo, duk da cewa kayan gwamnati ne. Tun zamanin Turawa ake yawo da shi gari-gari, gwamnatin Jihar Arewa ta ci gaba da shi daga Kaduna. Da la'asar mota mai lasifika za ta zaga gari tana shela. Kafin magariba yara sun kewaye ta suna leƙen ma'aikata suna kafa sanduna, suna ɗaura farin ƙyalle, suna jan waya daga injin wuta. Bayan isha'i sai hakimi ko dagaci ya zo a sa masa kujera, maza a gefe, mata da 'yan mata a gefe, yara a ƙasa a gaba, wasu ma su zagaya bayan ƙyallen tunda ta can ma hoton yana fita. Mai sharhi yana riƙe da makirufo yana fassara abin da ake gani, yana ƙara nasa gishirin. A nuna rangadin Sardauna, a nuna tsaftar rijiya da rigakafi, a nuna Baban Larai don koyar da noman zamani. Majigi bai yi wa dandali illa ba, domin shi ya zo ya same shi a inda yake, ya kwana ɗaya ya wuce, ya bar wa yara abin kwaikwayo na wata guda.

To, daga ina ɓaraka ta fara? Wasu za su ce daga sinima. A Kano an buɗe Rex a 1937, daga baya wasu suka biyo, irin su Plaza da Orion da Eldorado da Wapa da Marhaba. Sinima ta zo da abu biyu da babu su a dandali: katanga da tikiti. Sai dai ba ta kwashe yaran unguwa ba, saboda tun farko mutanen gari ba su ɗauke ta wurin mutunci ba. Gobarar sinimar El-Duniya a 1951, wadda ta ci mutum sama da 300, ta ƙara wa mutane ƙyamar wurin. Ita kuma Palace da aka gina a cikin birni, a Jakara, Gwamna Sabo Bakin Zuwo ya rufe ta a 1983 ya mai da ita asibiti. Samari ne suke satar jiki su tafi kallon Indiya da Canis, su dawo su ba ƙanana labari, kuma a dandali suke ba da labarin.

Talabijin ce ta fara taɓa lokacin dandali kai tsaye. An fara ta a Kaduna a 1962, amma sai bayan kuɗin mai sun shigo, aka kafa NTA, jihohi suka buɗe nasu tashoshin kamar CTV 67 ta zamanin Abubakar Rimi, sannan akwatin ya fara shiga unguwanni. Da farko a gida ɗaya ko biyu ake samunsa. Yaran lungu kaf su taru a tsakar gidan Alhaji, a ce kowa ya wanke ƙafa kafin ya hau tabarma, waɗanda ba su samu shiga ba su maƙale a taga. Ana kallon Samanja, ana kallon Karkuzu, ana kallon Ƙasimu Yero. Har yanzu taro ne, har yanzu ana dariya tare, shi ya sa masu tuna baya suke haɗa shi da dandali a ƙwarya ɗaya. Amma an samu canji biyu. Yaro ya tashi daga mai yin wasa ya koma mai kallon wasa. Kuma wurin yana da mai shi, in ɗan gidan ya yi fushi da kai yau ba ka da kallo. Wutar lantarki kuma ta sa an daina lissafin kwanan wata, farin wata ya fito ya faɗi ba wanda ya ɗaga kai.

Bidiyo ya ƙarasa abin da talabijin ta fara. Bayan fitowar Turmin Danya a 1990, finafinan Hausa suka yawaita, kaset ya yi araha, kowane ɗaki ya samu abin kallonsa a lokacin da ya ga dama. Sinimomin ma suka bi sahu suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Yau in ka ce Wapa a Kano, canjin kuɗi ne zai zo wa mutum a rai.

A gefe guda kuma lokacin yaro yana ta cikewa. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya kai miliyoyin yara aji, Islamiyyu suka yawaita, na yamma da na dare, daga baya aka ƙaro darasin gida da aikin makaranta. Malamai kuma suka matsa da wa'azi a kan cuɗanyar maza da mata da kiɗe-kiɗe. A nan ya kamata a faɗi gaskiya, domin daɗin tuna baya yakan rufe ido. Dandali yana da nasa aibin. Akwai tsarince a wasu garuruwa, akwai 'yan matan da talla ta hana su karatu, akwai waɗanda a wajen tallan aka lalata musu rayuwa. Malaman da suka yi magana ba ƙarya suka yi ba. Inda nake ganin an yi kuskure shi ne, an hana ba a musanya ba. An ce yarinya ta bar gaɗa, ba a ce ga inda za ta je ta yi tsalle da tsaranta ba.

Duk da haka, da fili yana nan, da wani abu ya saura. Babban bugun da ya kwantar da dandali shi ne na ƙasa. Jama'a ta ninka, ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano mutum sama da miliyan 9, kuma fili ya zama kadara mafi tsada a birni. Sararin da aka ce ba na kowa ba ne, sai aka wayi gari wani ya fito da takarda. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamnoni, abin da ya sauƙaƙa yanka duk wani wuri da aka ga babu gini a kansa. Aka cike kududdufai aka yi gidaje. Magada suka raba babban gida gida biyar. Zaure ya koma shago, aka fasa dakali don a samu wurin ajiye mota ko kafa teburin mai caji. A sababbin unguwannin awon igiya kuwa, mai gona yana yanka fulotai ne don ya sayar, ba zai bar taku ashirin don yara ba, da ƙyar ma yake barin hanya. A unguwannin masu hali, doguwar katanga da get suka maye gurbin zaure. Ɗan lungun da ya rage, babura da A Daidaita Sahu sun mamaye shi.

Da dakali ya tafi, idon da ke kan yara ya tafi. Maƙwabci ɗan haya ne da ya tare bara, bai san sunan ɗanka ba, kai ma ba ka san asalinsa ba. A da ana cewa ɗa na kowa ne. Yanzu ka tsawata wa ɗan wani, maganar tana iya kai ku ofishin 'yan sanda, don haka kowa ya kama bakinsa. Uwar da ta san babu mai lura mata da 'ya a waje, ba za ta bar ta ta fita ba, kuma ba za a ga laifinta ba.

Sai tsoro ya zo ya rufe ƙofa. Faɗan daba ya mai da wasu lunguna wurin da ba a bi bayan isha'i. Harin ranar 20 ga Janairun 2012 a Kano da dokar hana fita da ta biyo baya sun koya wa gari shiga gida da wuri. A 'yan shekarun nan rundunar 'yan sandan jihar ta sha dakatar da tashe, saboda ɓata-gari suna fakewa da shi su yi ƙwacen waya. A ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato, inda fili yake har yanzu kuma wata yana haskawa kamar da, 'yan bindiga sun ƙwace daren. Garin da ake kwana da kunne ɗaya a buɗe ba a kiɗan kalangu a cikinsa.

Idan aka duba abin da ya rage, za a ga asarar ba ta faɗa wa kowa daidai ba. Samari sun samu madadi: gidan kallon ƙwallo, teburin mai shayi, majalisa, ƙwallon yamma a duk inda aka samu sarari. Dambe ma bai mutu ba, ya koma gida mai katanga da kuɗin ƙofa. A Nijar hukuma ta ɗauki kokawa da muhimmanci, tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tawa ake zagayawa da ita jiha-jiha, ƙasa gaba ɗaya ta tsaya tana sauraro. Wannan abin yabo ne, sai dai shi ma kallo ne, ƙarti ne ke yi, yaro yana gefe. Waɗanda suka tashi a tutar babu su ne ƙananan yara da 'yan mata. Yarinya 'yar shekara goma a cikin birni yau, in ka cire makaranta da gidan biki, ba ta da wani wuri da za ta haɗu da tsaranta ashirin su yi wasan da su suka tsara shi, su suke da iko da shi. A irin wannan hali waya ta same ta, a ɗaki, ba abin yi.

Ba za a dawo da majigi ba, ba kuma wanda zai kashe wutar gidansa don ya jira farin wata. Amma fili da idon manya abubuwa ne da har yanzu suke hannun mutane. Kusan kowace unguwa tana da makarantar firamare mai fili, wadda ake garƙamewa da kwaɗo tun azahar. Masu unguwanni da limamai da kwamitocin iyaye za su iya neman a riƙa buɗe ta tsakanin la'asar da magariba, a ware ɓangaren 'yan mata, dattawa biyu da wata uwa su zauna a gefe, a kafa fitila mai amfani da hasken rana ko guda ɗaya ce. Tsofaffin da suka iya gaɗa da langa da carafke suna nan da ransu a cikin gidajenmu, in an tambaye su za su koyar. Ku kuma da ake yanka sababbin fulotai a gabanku, ku sa baki tun kafin a kafa harsashi: bayan filin masallaci da na maƙabarta, a fitar da na yara, a yi masa takarda da sunan unguwa.